Porong, Inda Laka Ta Binne Ƙauyuka

Wanda ya bar birnin Surabaya na ƙasar Indunusiya ya nufi kudu ta tsohuwar hanyar Malang, in ya yi tafiyar kimanin kilomita 30 zai ga wata doguwar jinga ta ƙasa da duwatsu ta miƙe a hannunsa na hagu. Tsayinta ya kai na bene mai hawa uku. Layin dogo na bin gindinta, titin mota na bin gefen layin dogon, jama'a na ta kai-komo kamar babu komai. Baƙo zai ɗauka madatsar ruwa ce. Abin da ke bayanta kuwa laka ce, tafkin laka da ya shafe fili fiye da hekta 600, kuma a ƙarƙashinsa akwai gidaje da masallatai da makarantu da masana'antu da maƙabartu.

Wata hidima ce ta kai ni Surabaya, amma tun kafin in baro gida na ƙudurta sai na ga wannan wuri. Allah Ya haɗa ni da wani matashi ɗan Katsina da ke karatun injiniyan haƙar mai a can, ya iya harshensu, shi ya zame mini ɗan rakiya kuma tafinta. Muka shiga yankin Sidoarjo da hantsi. Gari ne na kifi da jatan lande, har su ne a kan tambarin ƙaramar hukumar, shaguna cike da ƙyafaffen kifi da soyayyen gurguru na jatan lande. Gaba kaɗan sai Tanggulangin, inda ake ɗinka jakunkuna da takalman fata, warin jima na tashi daga rumfuna. Daga nan zuwa Porong ɗan taƙi ne.

A gindin jingar akwai matakala ta katako da gora. Mazauna wurin ke tsaron ta, suna karɓar 'yan kuɗi daga mai son hawa. Muna kai wa sama 'yan acaɓa suka yi mana caa, kowa na nuna babur ɗinsa, wasu riƙe da faya-fayan bidiyo na ranakun farko na bala'in. Na tsaya na kasa magana. Fili ne toka-toka, shimfiɗe har inda ido ya tsaya, bakinsa ya bushe ya tsattsage, can ciki yana sheƙi da jiƙa. A tsakiya farin tururi na tashi, ya yi ƙasa, ya sake tashi. Iska na ɗauke da wari mai kama da na farar wuta haɗe da ɗanyen mai. Ta kudu, dutsen Penanggungan na tsaye cikin hazo, bayansa kuma duwatsun Arjuno da Welirang masu aman wuta.

Ranar 29 ga Mayu, 2006, da asuba, ruwan zafi da tururi da laka suka ɓallo daga wata gonar shinkafa a nan, tazarar da ba ta wuce mita 200 ba daga wata rijiyar neman iskar gas mai suna Banjar Panji-1, wadda kamfanin Lapindo Brantas ke haƙawa. Da farko an ɗauka abin kwana biyu ne. Kafin shekarar ta ƙare, abin da ke fitowa ya kai lita miliyan 180 a rana a lokacin da ya fi tsanani, wato lodin tankar mai fiye da 5,000 kowace wayewar gari. Ƙauyukan Siring da Jatirejo da Renokenongo da Kedungbendo suka nutse. Babbar hanyar Surabaya zuwa Gempol ta yanke. Dubun-dubatar mutane suka bar muhallansu. Masana suna kiran wurin Lusi, mutanen gari kuwa lakar Lapindo suke cewa, kuma har yau ba ta daina fitowa ba, sai dai ta yi sauƙi.

Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni dattijo ne mai furfura, da can ma'aikacin wata masana'anta ce da ita ma ke ƙarƙashin lakar. Ganin hulata ya sa yake ce mini Pak Haji, ni kuma na bi al'adarsu ina ce masa Pak. Muka bi saman jingar a hankali. A wani wuri ya tsaya, ya miƙa hannu ya nuna wani fili da ba shi da wata alama, ya ce nan ne unguwarsu, can kuma iyayensa ke kwance. Ɗan rakiyata ya fassara mini cewa gab da azumi da lokacin sallah mutane kan zo su tsaya a kan jingar, su fuskanci inda maƙabartarsu take, su yi addu'a su watsa furanni. Muka ɗaga hannu muka yi musu Fatiha tare.

Ya yarda muka sauka kan busasshen bakin lakar, amma ya ja kunnenmu kada mu wuce inda sawun mutane ya tsaya. Sama ta yi tauri kamar daɓe. Da ya caka gora ta huda ɓawon, sai ta shige sululu, ta fito da laka mai laushi da santsi. Ɗan Katsina ya ɗebo ta a tafin hannu ya karkatar. Ba ta zuba ba. Ya murza ta da yatsa, nan take ta yi ruwa-ruwa ta fara ɗiga. Ya ce, "Malam, duk karatun da nake yi, ga shi nan a tafin hannuna."

Abin da yake nufi shi ne, abubuwa masu gudana iri biyu ne. Akwai waɗanda suka bi ƙa'idar da ake jingina wa Isaac Newton: kaurinsu ɗaya ne ko an motsa su ko an bar su, kuma ko yaya aka karkatar da su sai sun gangara. Ruwa haka yake, man gyaɗa ma haka. Akwai kuma waɗanda suka saɓa wa ƙa'idar, kaurinsu na canzawa da irin ƙarfin da aka sa musu. Laka na cikinsu, da kwaɓaɓɓen siminti, da fenti, da man goge baki, har da jinin jikin mutum. Wani masani Ba'amurke, Eugene Bingham, ya bayyana halin wasu daga cikinsu tun wajen 1916: suna da wani ƙarfin riƙo, wanda in turin da aka yi musu bai kai shi ba sai su tsaya cak kamar daskararren abu, in ya wuce shi sai su kwarara. Duk wadda ta taɓa barin kunu ya huce a kwano ta san wannan: a karkata kwanon ya ƙi motsi, a sa ludayi a juya ya tsinke, a bar shi ya sake kamawa.

To ina nauyi ya shigo? Da yawa muna haɗa nauyi da kauri, alhali abu biyu ne. Man gyaɗa ya fi ruwa kauri, amma ruwa ya fi shi nauyi, shi ya sa man ke tasowa sama. Nauyin da masana ke magana a kai shi ne na lita guda. Litar ruwa kilo 1 ce. Ƙwayoyin yumɓu, in da za a matse su babu rata, litarsu ta kai kilo 2.6. Saboda haka lakar da kashi ɗaya cikin biyar nata yumɓu ne, sauran ruwa, litarta za ta kai kilo 1.3 da ɗoriya.

A kan fili irin na Porong, nauyi shi ne mai turi, riƙo shi ne mai birki. Ƙarfin da ke tura laka ta gangara ya dogara da abu uku: nauyin litarta, da zurfin da ta taru, da karkatar ƙasar. In aka haɗa ukun nan suka fi ƙarfin riƙonta, sai ta tafi. In ba su kai ba, sai ta tsaya ko da kuwa a kan gangara take. Shi ya sa ruwa ke baje wa ya nemi kwari, ita kuwa laka sai ta taru ta yi tudu, in tudun ya kai wani mizani ta ɓalle gaba ɗaya, ta yi gaba, ta sirance, ta sake tsayawa. Da za a sami laka biyu masu riƙo iri ɗaya, ɗaya ta ninka ɗaya nauyi, to mai nauyin rabin zurfin ya ishe ta ta fara tafiya. Haka ma jinga: matsin da laka ke yi mata ya fi na ruwa mai zurfi ɗaya daidai gwargwadon fifikon nauyinta. Ga shi kuma ƙasar wurin tana lotsawa saboda abin da aka kwashe daga cikinta da abin da aka jibga mata a kai. Wannan na daga dalilan da suka sa jingar ta sha ɓallewa a shekarun farko.

Sai dai akwai wani abu da ke juya lissafin. A lakar da Allah Ya yi, nauyi ba ya ƙaruwa shi kaɗai. Abin da ke ƙara shi shi ne yawan yumɓu, yawan yumɓu kuwa ya fi ƙara riƙo nesa ba kusa ba. In litar laka ta tashi daga kilo 1.3 zuwa 1.5, turin ya ƙaru da kashi 15 cikin 100 kacal, amma ƙwayoyin sun matsu sun kama juna, riƙon ya ninka sau da yawa. Don haka a zahiri laka mai nauyi ita ce ke kafewa, mara nauyi ke gudu. Wannan ne ya sa in ƙafar mutum ta faɗa ciki, ba nutsewa gaba ɗaya ce babbar barazana ba, tunda lakar ta fi jikinsa nauyi, tana tallafe shi. Fitowar ce aiki, don da zarar ya daina motsi sai ta kama.

Na ga amfanin wannan ilimi da idona a kudancin tafkin. Akwai injuna a kan kwale-kwalen ƙarfe suna tona lakar suna gauraya ta da ruwa, manyan bututu kuma suna ɗauke da ita zuwa kogin Porong. Lakar yadda take, famfo ba zai iya ja ba. Sai an sirka ta, an rage mata nauyi kaɗan, an karya mata riƙo da yawa. Amma in an sirka ta ta rasa riƙon, ƙwayoyin da suka fi ruwa nauyi sai su fara kwantawa, dole a tura ta da gudun da zai hana su toshe bututu. Aiki ne na neman tsaka-tsaki kullum. A bakin bututun muka tsaya muna kallon baƙin ruwa na tuttuɗowa cikin kogi. Da damina kogin kan kwashe ta zuwa teku, da rani takan kwanta. Lakar da aka yashe daga bakin kogin aka tara har ta zama tsibiri, ana kiran sa tsibirin Lusi, itatuwan bakin teku sun rufe shi, masu yawon buɗe ido na zuwa da jirgin ruwa.

Na tambayi ɗan rakiyata me ke ɗago ta daga ƙasa tun farko, tunda abu mai nauyi ƙasa ya sani. Ya ce nauyi ai gwaji ne, sai an ce da me. Lakar ta fi ruwa nauyi, amma duwatsun da ke danne da ita, masu kaurin fiye da kilomita guda, sun fi ta. Da zarar ta sami tsaga, su ke matso ta sama. Tana hawa kuma matsi na raguwa, iskar gas da ke narke a ciki ta fito ta yi kumfa, ruwan zafin ya tafasa ya zama tururi. Kumfa da tururi su rage nauyin abin da ke cikin maƙogwaron ramin, raguwar nauyin ta ba na ƙasa damar tasowa. Wannan ne sirrin tashi da faɗuwar tururin da muke hange.

Muna zaune a wata rumfa a kan jingar, muna shan ruwan ɗanyar kwakwa, ya kawo zancen laka ta biyu, wadda mutum ke haɗawa da hannunsa. Galibi ba a haƙa rijiyar mai sai da ita. Ana tura ta ta cikin sandunan haƙa, ta fita ta bakin haƙorin, ta dawo sama ta gefe ɗauke da ɓarɓashin dutse. Babban aikinta shi ne danne abin da ke ƙasa. A zurfin mita 2,800, ruwa zalla na danna kowane murabba'in santimita da nauyin kilo 280. Laka mai kilo 1.75 a lita za ta danna shi da kilo 490. Wannan bambanci shi ke tsakanin rijiya lafiyayya da wadda ta yi ambaliya.

A nan injiniyoyi suka raba nauyi da kauri, kowanne da maganinsa. In nauyi ake so, sai a zuba garin wani dutse mai suna barait, wanda ya ninka ruwa nauyi sau 4.2 amma ba ya kama jiki sosai. In riƙo ake so, sai a zuba bentonait, yumɓun da ke kumbura a ruwa, kaɗan daga cikinsa ya isa ya sa laka ta kama. Ma'auninsu ma daban. Akwai ɗan sikeli na auna nauyi, akwai kuma mazurarin Marsh na auna kauri, inda ake duba daƙiƙa nawa abin da ya kusa lita guda zai ɗauka kafin ya zurare. Ruwa zalla daƙiƙa 26 yake yi. Amma duk da an raba su, ɗaya ba ya rayuwa sai da ɗaya. In an kashe famfo, riƙon bentonait ne ke hana barait da ɓarɓashi kwantawa. In riƙon ya gaza, barait ya zauna ƙasa, lakar sama ta rasa nauyi, gas ya sami ƙofa. In riƙon ya yi yawa, tura ta sai da ƙarfi, ƙarfin kuma ya ƙaru a kan bangon rijiya. Laka ta yi sauƙi, abin ƙasa ya kutso. Ta yi nauyi fiye da kima, ta fasa dutse ta zurare, tsayinta a rijiya ya ragu, abin ƙasa ya sake samun hanya. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A bakin rijiyar mai kam, ido bai isa ba, sai mudun.

Abin da aka rubuta game da Banjar Panji-1 bai fita daga wannan ba. Rijiyar ta wuce mita 2,800, kuma fiye da rabin zurfinta, daga ƙasa, ba a sa masa bututun ƙarfen da ke kare bango ba. Ranar 27 ga Mayu lakar haƙa ta zurare cikin dutse. Washegari, ana cikin zaro sanduna, ruwa da gas suka kutso, aka rufe bakin rijiyar. Kwana guda bayan haka ƙasa ta buɗe a gonar da ke kusa. Sai dai a ranar 27 ɗin nan ce girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.3 ta auka wa Yogyakarta, mai nisan kimanin kilomita 250, ta kashe mutum fiye da 5,000.

Daga nan masana suka rabu. Richard Davies, wanda a lokacin yake Jami'ar Durham a Ingila, da abokan aikinsa suka ce matsin da ya taru bayan rufe rijiyar ne ya fasa bangon da ba shi da kariya, girgizar kuma ta yi nisa da rauni da yawa. Adriano Mazzini na Jami'ar Oslo da nasa mutanen suka ce girgizar ce ta motsa tsagar ƙasa ta Watukosek da ta ratsa wurin, kuma ruwan zafin na da alaƙa da duwatsun Arjuno da Welirang. Kamfanin ya tsaya a kan cewa girgiza ce. A wani taron masana kimiyyar man fetur da aka yi a Afirka ta Kudu a 2008, an kaɗa ƙuri'a, 42 cikin 74 suka ce haƙa ce sila. A 2009 'yan sandan lardin Jawa ta Gabas, inda Porong yake, suka rufe binciken da suke yi kan lamarin. Ɗan acaɓana bai ɓata lokaci a kan muhawarar ba. Ya ce ƙasarsu ta saba da girgiza tun kaka da kakanni, rijiyar ce baƙuwa.

An yi ƙoƙarin tsayar da ita. An fara haƙa wasu rijiyoyi daga gefe da nufin cimma ramin a ƙasa a ɗura masa laka mai nauyi, wato a kashe laka da laka, amma aka watsar da aikin ba a kai ga nasara ba. A farkon 2007 wasu masana daga Bandung suka kawo dabarar jefa ƙwallayen kankare, huɗu-huɗu a sarƙa, don su rage wa ramin ƙarfi. An jefa ɗaruruwa, ramin ya haɗiye, ya ci gaba da abin da yake yi. Kafin nan, a Nuwamban 2006, lotsawar ƙasa ta fasa bututun gas da ya bi ta wurin, ya yi bindiga, mutum 13 suka rasu.

Batun diyya ya ja shekaru. Gwamnati ta umarci kamfanin ya sayi filaye da gidajen da suka nutse, ya fara biyan kashi 20 cikin 100, sauran daga baya. Biyan sauran ya ja lokaci, har sai a 2015 da gwamnati ta ba da rancen kusan rufiya biliyan 780 don a ƙarasa biyan mutane. Wanda takardar filinsa ta nutse tare da gidan ya sha wuya kafin ya tabbatar da haƙƙinsa. Kuɗi kuma ba sa mayar da maƙwabtaka. Mutanen unguwa ɗaya sun warwatsu, manomi ya koma ɗan acaɓa, yana samun na cefane daga nuna wa baƙi inda gidansa yake a da.

Da la'asar muka sauko, muka yi sallah a wani masallaci a ƙetaren titi, muka kama hanyar Surabaya. A mota zancenmu ya koma gida. Masu haƙa rijiyar burtsatse a garuruwanmu da bentonait ɗin nan suke aiki, ramin da suke tonawa a gefe su cika da ruwa mai kauri shi ne ƙaramin misalin abin da muka tattauna. Nijar na haƙo mai a Agadem, matatar Damagaram na aiki tun 2011. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da aikin Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe. Ba kowace ƙasa ce ke da irin cikin da tsibirin Jawa ke da shi ba, kuma dubban rijiyoyi ake haƙawa a duniya lami lafiya. Amma ƙa'idar nauyi da riƙo ɗaya ce ko'ina, kuma in aka yi sake, talakan da ke kusa ne ke fara ɗanɗanawa.

Saboda haka ina kira ga sarakuna da shugabannin al'ummomin da ake haƙa a kusa da su: ku tambaya tun kafin a fara, wace hukuma ce ke duba aikin, har zuwa wane zurfi za a sa bututun kariya, kuma wa zai biya in abu ya lalace. Ku adana takardun filayenku, ku ajiye kwafinsu a wani wuri daban. Ku kuma tura yaranku su karanci kimiyyar ƙasa da injiniyan haƙa, don a sami ɗan gida da zai iya karanta ma'auni ya faɗi gaskiya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.